Zuwa Ga Bawana Na Sara, Wanda Ya Durƙusar Da Motarsa

Bawana, Jauron Sara, ina gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina shanu, ina iyali, ina kuma karkarwa? Kada ka ce mini wace karkarwa. Labari ya iso mini tun daga Gwaram, a bakin mutanen da ba sa ƙarya sai ta kama. An ce ka sayar da bijimai a kasuwar Sara, ka sayi akori-kura ƙirar Hilux, ko sati ba ta yi a hannunka ba ka kai ta gareji ka ce a rage mata tsawo. Yanzu in ka taka totur ka nufi Birnin Kudu, madubi rawa yake, murfin gaba rawa yake, haƙoran fasinja ma rawa suke. Kai kuwa ka ƙanƙame sitiyari ka haɗe rai, fulako ya hana ka cewa akwai matsala.

Mu Barebari mun daɗe da sanin cewa in aka bar Bafillace da kuɗi a hannu babu mai kula da shi, to sai abin da Allah ya yi. Amma wannan karon ka wuce inda nake zato. Duk faɗin ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, mai akori-kura in ya shiga gareji roƙonsa ɗaya ne: a ƙara masa sifirin, a ɗaga masa bayanta, ta ɗauki kaya ta haye rami. Kai kaɗai ka shiga ka ce a zare falle biyu na sifirin. An ce bakaniken sai da ya sa ka maimaita, don ya ɗauka Hausar ce ba ta zauna maka ba.

Ka je Birnin Kudu ka dubi zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950. Shanu ne mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa suka zana, masu dogon ƙaho da masu gajere. Ka ƙare musu kallo da kyau, ba za ka ga wadda aka datse wa ƙafa don ado ba. Tun wancan zamani mutanen yankinku sun san abin da zai yi yawo tsakanin duwatsu da rafuka tsawon ƙafa yake bukata. Ga kuma makwabtanmu na Chadi, da suka kori sojojin Libiya a 1987 a kan irin waɗannan motoci har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Da a durƙushe motocinsu suke, da rairayin farko ya gama da su.

Na san inda ka gano abin: a waya. Yaranka sun nuna maka motocin da cikinsu ke shafar kwalta, ranka ya biya. To bari in ba ka tarihin abin da ka kwaikwaya. 'Yan asalin Meziko mazauna Los Anjeles ta Amurka ne suka shahara da wannan ado tun shekarun 1940. Abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 ta hana duk motar da wani sashe na jikinta ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya, kuma ba a janye dokar ba sai farkon 2024. A Tailan ma, inda ake ƙera Hilux masu yawa, samari na durƙusar da akori-kura suna tsere da su. Sai dai titinsu shimfiɗaɗɗe ne, ba sa ɗora buhun gero, ba sa shiga ƙauye da damina. Abin da ya fi duka, in sun gama rage tsawon sai su kwanta ƙarƙashin motar da ma'auni su daidaita farfela. Wannan ba a nuna shi a bidiyo, shi ya sa bai iso Sara ba. Ka yi wa rogo kallon kitse.

Gyara zama in karantar da kai, tunda Allah ya ɗora mini nauyinka.

Injin yana gaba, tayoyin da ke tura motar suna baya. Dogon bututun ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashi, farfela, ita ce ke ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa finiyan, ƙaramin haƙorin da ke leƙowa daga tsakiyar aksul ɗin baya. Giyabos a ɗaure yake da shasi. Aksul kuwa a kan sifirin yake, kullum cikin hawa da sauka. Saboda haka farfela ba za ta zama sandararriya ba, sai aka sa mata gaɓa a kowane kai, wato kuros, mai hannu huɗu, kowane hannu da kofinsa cike da 'yan siraran allurai da giris.

Kuros yana da wani hali da aka sani tun kafin a haifi kakan kakanka. Ana danganta kuros ɗin da Kardano, wani masanin Italiya na ƙarni na 16. Robat Huk na Ingila ya yi nazarinsa a shekarun 1670. Kilarens Sifaisa na Amurka ya yi rajistar irin na mota a 1903, ya fara ƙera shi a 1904. Halin shi ne: in sandunan biyu da kuros ya haɗa suna kan layi ɗaya, yadda juyi ya shiga haka yake fita. In kuwa akwai kusurwa a tsakaninsu, to ko da injin na juyawa da gudu ɗaya, abin da ke fitowa ta ɗaya gefen sai ya ƙara sauri ya rage, ya ƙara ya rage, sau biyu a kowane zagaye. A kusurwar digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba. A digiri 10 ya kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 sama, da kamarsa ƙasa. Wato kusurwa ta ninka sau uku da 'yan kai, fizgar ta ninka fiye da sau goma.

Za ka ce kashi ɗaya da rabi ai ba komai ba ne, ko a awon nono ana yafe wanda ya fi haka. To yi lissafi. A ce tayarka na cin mita 2.3 a zagaye ɗaya, farfela kuma na juyawa sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya. A gudun kilomita 100 cikin awa, farfelar na yin kusan zagaye 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa. Fizga biyu a kowane zagaye, fizga 100 ke nan a daƙiƙa guda. Ita ce kake ji a kujera, ba aljanun hanyar Gwaram ba, don haka ka daina ba malamai sadakar kaji a kan wannan.

Maganin da masu ƙira suka samo shi ne su haɗa kuros biyu su yi ta warware wa juna. Ka san lugude, tunda a gidanku ake dakan fura: mata biyu, turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, sauti ya tafi daidai babu karo. Haka kuros na gaba da na baya suke. Duk saurin da na gaba ya ƙara, na baya ya rage shi a daidai wannan lokaci, sai juyin ya isa finiyan sumul. Amma sai da sharaɗi biyu. Na farko, kusurwar gaba da ta baya su zama daidai. Na biyu, kunnuwan da ke riƙe da kuros a kai biyu na farfelar su kalli gefe ɗaya. In ɗaya ya kauce, taɓare sun haɗu a bakin turmi.

Masu ƙera farfela sun taƙaita abin cikin ƙa'idoji uku, ko ɗan kiwo zai iya haddace su. Kada bambancin kusurwar gaba da ta baya ya wuce digiri 1. In ana son kuros ya yi tsawon rai, kada kowace kusurwa ta wuce digiri 3, musamman a motar da ke gudu a kan kwalta, don yawan gudu na rage abin da kuros zai iya jurewa. Kada kuma kusurwar ta zama babu sam, a bar ko da rabin digiri zuwa ɗaya. Wannan ta ukun ita ke ba mutane mamaki, har da bakanikai. In farfela ta miƙe sak da finiyan, alluran cikin kofi ba sa mirginawa, giris ba ya zagayawa, sai su tsaya wuri ɗaya suna dukan ƙarfe har su yi masa gurbi. Don haka in wani ya ce maka zai saita bakin finiyan ya kalli giyabos kai tsaye, ka karɓi makullinka ka yi masa sallama.

Yanzu ga abin da ka aikata. Ɗauki misali mai sauƙi, farfela guda mai tsawon mita 1.3. A ce bakin giyabos ya sunkuya baya da digiri 4, farfela ta gangara da digiri 6, kusurwar gaba 2 ke nan. Finiyan ya ɗaga kai da digiri 4, daidai da layin giyabos, kusurwar baya ita ma 2. Lafiya lau. Sai ka zo ka sauke bodin da santimita 7 da rabi. Aksul ya matso kusa da shasi, gangarar farfela ta ragu da fiye da digiri 3. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, don kai biyun tare suka canza. Amma zare falle yana sauya lanƙwasar sifirin, aksul kuma a jikin sifirin yake ɗaure, sai ya ɗan juya. A ce finiyan ya koma digiri 7. Kusurwar gaba yanzu ɗaya da 'yan kai, ta baya ta haura 4. Lugude ya watse.

Taka ma ta fi wannan rikici, don doguwar akori-kura yawanci farfelarta biyu ce a haɗe, da boris a tsakiya rataye da shasi cikin zoben roba. Rabin gaba bai motsa ba, rabin baya kaɗai ya ɗauki canjin, shi kuma gajere ne. Santimita 7 da rabi a kan tsawon santimita 75 kusan digiri 6 ne. Shi ya sa da ka saki kuloc daga tsaye motar ke yin kakkaɓi kafin ta miƙe, kai kuma kana zargin direban da ya riƙe ta kafin kai.

Bayan haka akwai hali na sifirin. Duk sanda ka taka totur, tayoyi na tura ƙasa, aksul kuma na neman juyawa baya, bakin finiyan ya ɗaga sama. Sifirin ne ke danne shi. Ka zare falle biyu, ka rage masa ƙarfi, yanzu finiyan na ɗagawa fiye da da. Dalilin da ya sa gwanaye ke barin bakinsa ƙasa da layin giyabos da digiri ɗaya ko biyu in motar na tsaye ke nan, don in ta ja ya hau daidai.

Babban abin da ka manta shi ne wannan, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Motar Sara ba ta bukatar bakanike ya durƙusar da ita, ranar kasuwa na yi mata haka kyauta. An yi ta don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, buhu goma ke nan masu kilo ɗari-ɗari. Kai kuwa na san ka: buhu ashirin na riɗi da gero da za a kai Dawanau, a ɗora tumaki a sama, a ɗora masu tumakin a saman tumakin. Ratar da mai ƙira ya bari tsakanin aksul da shasi ta wannan rana ce. Ka cinye ta a ado tun kafin a ɗora buhun farko. Da an yi lodi aksul zai kwanta a kan robar da ke tare shi, sifirin ya tashi daga aiki, kowane rami ya bugi shasi kai tsaye. Farfela kuma tana da wuri mai zamewa da ke ba ta damar tsawo da gajarta. In ya ƙure, duk dukan da aksul ya sha sai ya wuce cikin giyabos ko boris na tsakiya. Daga nan mai ya fara ɗiga, daga ɗiga sai ƙugi, daga ƙugi sai Ƙofar Ruwa a Kano neman na Beljiyam, da kuɗin wani bijimin.

Kada masu ɗaga mota su yi maka dariya da yawa, don su ma layinku ɗaya. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, akori-kurar 404 da 504 suka cika kasuwannin ƙauye, masu su ke ƙara falle a kan falle har bayan motar ya ɗage sama. In babu kaya kusurwarsu ta yi yawa, kuros ya yi ta ci, su ce kayan yanzu ne ba su da ƙarko. Duk wanda ya taɓa tsawon mota, sama ko ƙasa, ya taɓa farfela. Bambancinku da su, su don neman abinci suka yi, kai don 'yan matan dandali.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar da ciwon. Hau kwalta mai kyau ka kai gudun da karkarwar ke tashi, sannan ka ɗage ƙafa daga totur. In ta lafa, ka taka ta dawo, to kusurwa ce ko kuros da ya riga ya ci. In kuwa tana nan ko ka taka ko ka saki, tana ƙaruwa da gudu kawai, to a fara duba tayoyi, da ko farfelar ta lanƙwashe, da ko ɗan ƙarfen daidaita nauyi da aka manna a jikinta ya faɗi. A kashe injin, a sa dutse a taya, a kama farfelar da hannu a jijjiga. Kuros mai lafiya ba ya ƙas-ƙas, ba ya kuma fitar da jan gari a bakin kofi.

Awon kansa ba ya bukatar zuwa Kano. Wayar nan da ta jefa ka cikin wannan hali tana iya fitar da kai, don akwai manhajar auna karkata da ake saukewa kyauta. A samu daɓe mai daidai, kamar na gidan mai. Motar ta tsaya a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, iskar tayoyi daidai. A auna wuri uku: fuskar da farfela ke ɗaure da giyabos, jikin farfelar, da fuskar da take ɗaure da finiyan. Mai farfela biyu a auna kowane rabi daban. A rubuta, a ɗebe wannan daga wancan. Sannan a yi awon sau biyu, ɗaya babu kaya, ɗaya da irin lodin da ka saba yi da gaske, ba wanda kake faɗa wa jami'an hanya ba. Saitin da za a zaɓa shi ne wanda ya fi kyau a tsawon da motar ta fi daɗewa tana gudu a kai.

Gyaran kuma sananne ne. Ana cusa wani ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen, tsakanin sifirin da mazaunin aksul, ya juya bakin finiyan da digiri 2 ko 4 ko abin da awo ya nuna. Gefen da kaurin zai kalla ya danganta da ko sifirin a saman aksul yake ko a ƙasa, don haka a sake awo bayan an ɗaure. Na baƙin ƙarfe ya fi na alminiyam jure lodi irin naka. A tabbata kan notin tsakiyar sifirin ya ratsa shi ya shiga raminsa, in ba haka ba aksul zai zame, motar ta riƙa tafiya a karkace. A sa sababbin ƙarafan da ke rungume aksul, a ɗaure su tamau, a sake ɗaurewa bayan 'yan kwanaki. Boris na tsakiya a ɗaga shi ko a sauke shi da 'yan faranti har kusurwoyin su sasanta. Duk wanda zai zare farfela ya fara yi mata alama da alli, don ta koma yadda ta fito. Kada ka yarda mai walda ya yanke ta ya haɗa da ido a gindin bishiya.

Saura abu biyu da ba na wasa ba, ko da yake da kai nake magana. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da wata 'yar na'ura a baya, haɗe da aksul da siririn ƙarfe, mai auna yadda bodi ya sauka don ta ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. Ka sauke bodin, ita kuma ta ɗauka kullum a cike kake. Ranar da ka taka birki da ƙarfi babu kaya, musamman a jiƙaƙƙen titi, tayoyin baya na iya kamewa motar ta juya da kai. A sake saita ta. Na biyu, kuros na gaba in ya tsinke ana gudu, kan farfela faɗuwa yake ya caki titi, yana iya ɗaga bayan motar ya kifar da ita. Mutanen da ka ɗora a saman buhuna 'ya'yan wasu ne. Karkarwa gargaɗi ce, wanda bai ji bari ba kuwa ya ji hoho.

Shawarata ta ubangida: ka koma garejin nan tun bakaniken bai sayar wa maƙera fallayen nan biyu sun yi fartanya da su ba, ka ce ya mayar. In kunya ta hana ka, ka ce ni na aiko ka, kowa ya san bawa ba ya ƙetare umarni. In kuwa ka rantse sai ka yi yawo a durƙushe, to ka biya farfela hakkinta, ka kuma haƙura da lodin kasuwa, don ba a haɗa gudu da susar baya.

Na san za ka aiko da raddi, ka ce Babarbare bai san komai ba sai barkono da bandar kifi. Bismilla, ƙofa a buɗe take. Sharaɗi ɗaya ne: takardarka ta zo da lambobi uku, na giyabos, na farfela, na finiyan. Ladan karatu kuma ƙwaryar kindirmo ce da man shanu, a aiko mini a motar haya. Kada a sako su a taka, don kafin a kai Kwanar Huguma ta kaɗe kindirmon ya koma tsala.